Jan Haƙoran Inna

Har yau in na wuce ta gaban shagon nan na kan hanyar jami'a, wanda aka manna wa hoton wata mata ta wage baki da haƙora farare tas, sai raina ya ɓaci. Na sha gaya wa kaina cewa na girmi wannan fushin, ni da nake wuni ina koya wa 'ya'yan mutane haƙuri a aji. Amma ina! Akwai ranar da ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya waiwayo ya ce, "Malama, da ni kike?" Ashe tsaki na ja da ƙarfi ban sani ba.

Maganar haƙoran mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna.

Inna ta tashi a Angwan Iya, a nan garinmu Keffi, a zamanin da budurwa ba ta gama kwalliya sai ta ci fure. 'Yan yanzu ba su san shi ba. Furen taba ake tsinkowa a goga a haƙora, a bi shi da goro, sai haƙoran su yi jawur suna sheƙi. Da wannan jan ne mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya hango ta a gidan biki ya kasa komawa gida da hankalinsa. Ita da kanta take ba da labarin, tana dariya har da dafa cinya. Ta daina cin fure tun kafin in yi wayo, amma goro bai bar launin ya tafi ba. Na buɗi ido na ga haƙoranta ja mai duhu, a jere reras, ga wushirya a tsakiya. Ko ɗaya bai taɓa ciwo ba, ko ɗaya bai taɓa girgiɗi ba. Ta haura saba'in tana ɓare rake da su, tana tauna busasshiyar aya, tana fasa ƙashin kaza ta tsotse ɓargon, mu da muka tashi da buroshi da man goge baki muna gefe muna dafe da kunci.

Kowace tsohuwa da abin da take taƙama da shi. Wata 'ya'ya, wata zinariya, wata sau nawa ta je Makka. Inna haƙoranta ne. A ƙasan adakarta akwai wani magogin goro da ta gada daga mahaifiyarta, ɗan gwangwani ne da aka huhhuda da ƙusa, irin wanda tsofaffin da bakinsu ya zube suke goga goro a kai su afa garin. Kakata ta ƙare rayuwarta da shi, ba ta da haƙori ko na rantsuwa. Inna ta adana shi don tunawa da uwarta, amma kuma ya zame mata abin tsokana. Da ta ji wata sa'arta ta yi giɓi, sai ta aika a ce mata magogi na nan in tana son aro.

"Wannan na masu bakin jarirai ne," in ji ta. "Ni da haƙorana za a kai ni kushewa, a ƙirga a gani."

Wadda ta fi shan wannan tsokana ita ce aminiyarta, wata tsohuwa Kirista 'yar garin Gitata da ke kawo doya da manja ranar kasuwa. Tun kafin a haife ni suke tare. In ta sauke kayanta sai ta biyo gidanmu, su baje a tabarma a gindin mangwaro, Inna ta kwance ɗan tsumman goronta mai laima, ta ɓare ɗaya, ta miƙa mata ɓari ta riƙe ɓari. 'Yar Gitata turamen haƙoranta sun tafi, da gefe ɗaya take lallaɓa nata. Inna kuwa sai ta kafa haƙoran gaba ta gatsa, ka ji ƙaras tun daga zaure. Wannan ƙarar ita ce agogona tun ina yarinya. In na ji ta da safe na san gari ya waye lafiya.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma nuna tana ji da ni a gaban mutane. "Ke" ce ni har na yi furfura. Ƙanena kuwa, autanmu, shi aka sakar wa fuska. In Auta ya ce ruwan randa ya yi ɗaci, Inna za ta zubar ta wanke randar. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka aka yi mu. Sai da abin ya kai ga bakinta.

Auta yana aiki a wata ma'aikata a Abuja. Ya samu mata 'yar manyan mutane, aka sa rana, aka ce za a yi liyafa a wani katafaren ɗakin taro a can Abuja, da masu hoto da masu bidiyo. Wata Asabar ya zo gida, ya zauna kusa da Inna a tabarma, ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto suna dariya. Sai na ga ya tsaya yana kallon wayar, ya sa yatsu biyu yana buɗa hoton, yana ƙara buɗawa, har bakin Inna ya cika fuskar wayar.

"Inna," ya ce, "haƙoran nan fa sai an yi musu wani abu kafin biki."

Ina tsince shinkafa a gefe. Na ajiye farantin na ce, "Me suka yi maka?"

"Yaya, ba ki san mutanen can ba ne. Za su ɗauka ba ta wanke baki."

Ba ta wanke baki! Matar da ba ta taɓa yin alwala ba tare da asuwaki ba tun kafin a san za a haife shi. Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Na ce da wannan bakin aka tauna masa nama aka sa masa a nasa lokacin da ba shi da haƙori ko ɗaya, a lokacin bai ga ja ba. Na ce in surukansa ba za su iya kallon uwarsa yadda Allah ya nufe ta ba, su kalli bango. Ya riƙa murza makullin mota. Inna ta ce, "Ke, ya isa haka, daga magana?" Na ɗauka zance ya mutu a nan.

Ashe jira ya yi in tafi makaranta ranar Litinin. Ya ɗauki hutun yini, ya sa ta a mota, ya kai ta shagon nan na kan hanyar jami'a.

Abin da ya faru a ciki, a gutsure na riƙa samunsa daga bakin Inna daga baya, don ba mai son ba da labarin wahalarta ba ce. Yarinyar da ke shagon, farce take sa wa 'yan jami'a, da gashin ido, da ƙarin gashi. Gyaran haƙori ƙari ne a kan sana'a, a waya ta gani ta sayo kayan. Ba ta duba bakin ba, ba ta tambayi shekarun Inna ba, ba ta lura da cewa dasashin tsohuwa ya ja baya ya bar wuyan haƙora a waje ba. Ta cusa mata wata roba da ta wage bakin, ta lafta wani farin mai, ta kunna wata shuɗiyar fitila ta saita mata. Inna ta ce ba a jima ba ta ji kamar an zuba mata dakakken barkono. Ga baki a wage, ba halin magana. Ta ɗaga hannu. Yarinyar ta ce ai zafin shi ne alamar magani yana aiki. Auta yana waje yana waya da masu abincin biki. Da aka goge aka ga jan bai fita ba, don ja ne na shekara da shekaru, sai yarinyar ta sake laftawa, ta kuma sakewa, duk a zama ɗaya.

Na dawo daga makaranta na tarar da Inna a ɗaki da rana tsaka, ta rufe baki da gefen mayafi. Na ce ta buɗe in gani. Da ƙyar ta buɗe. Dasashinta ya yi fari-fari kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa. Haƙoran kuma ba su zama farare ba, ba su kuma zauna jajayensu ba. Sun koma wani launi marar suna, kamar tsohon kwanon tangaran da ya sha miya. Na ɗauko waya zan kira Auta, ta riƙe mini hannu.

"Bar shi. Yaron so yake a fita kunya."

"Kunyar wa, Inna? Ke ce abin kunyar?"

Ta mai da mayafin bakinta.

An kafa mata doka kafin ta baro shagon. Ba goro, ba miyar manja, ba zoɓo, ba shayi, har sai an gama biki. Wannan na sani, don a gabana 'yar Gitata ta zo, Inna ta ɓare goro ta miƙa mata duka ɓarin biyu. Abin da ban sani ba shi ne an haɗo ta da wata 'yar kwalba marar rubutu, cike da baƙin gari, aka ce duk lokacin da za ta goge baki ta dangwala, don kada jan ya dawo. Yarinyar da ta faɗi haka sau ɗaya take goge nata bakin da safe, da buroshi mai laushi. Inna kuwa kowace alwala da asuwakinta, na itace mai tauri, ga na bayan cin abinci, ga na walaha. Kuma Inna ita ce matar da in ta kama bayan tukunya da toka ba ta saki sai ta ga fuskarta a jiki. Ba wanda ya tambaye ta yadda take wanke baki. Ɗanta ma da ya tashi yana ganin asuwakin nan a bakin buta bai tuna ba.

Ta ɓoye mini kwalbar don ta san halina. Da garin ya ƙare kuma ba ta nemi kowa ba. Ta riga ta ɗanɗana ta gane abin da ke ciki, ai tsohuwar mai girki ce. Ta daka gawayi, ta zuba kanwa, ta matsa lemun tsami, ta ci gaba da dirza. In ta ga ɗan ja ya leƙo daga gefe, sai ta ƙara ƙarfi. Auta ya ce fari yake so, to fari za ta kai masa.

Na fara ganin abubuwan da ban gane ba. A tsakiyar bazara, ana zafin da kaza ke buɗe baki, Inna tana ɗora ruwan alwala a wuta. Na tambaya, ta ce gwiwoyinta ne. Ta daina shan ruwan randa, sai ta cika kofi ta ajiye a rana. Kunun tsamiya da take so kamar me, ta ce ya fita ranta. In za ta yi magana a tsakar gida ana iska, sai ta juya baya. 'Yar Gitata ce ta tare ni a ƙofar gida wata ranar kasuwa, ta kama mini hannu.

"Malama, uwar naki ba lafiya fa," ta ce, da irin Hausarta. "Na ba shi rake, ya ce ya ƙoshi. Yaushe ya taɓa ƙoshi da rake? Ki duba bakin nan."

Na shiga na tambayi Inna, ta ce ƙawarta ta cika surutu, ƙunar da aka yi mata ce ba ta gama warkewa ba. Ƙunar kuwa ta warke, na gani da idona. Biki ya matso, hidima ta sha kaina, na ce bari a gama.

Ranar liyafa aka sa mata leshi mai nauyi, aka zaunar da ita a babbar kujera daidai saitin na'urar sanyaya ɗaki. Masu hoto suka yi mata caa. "Hajiya, a ɗan yi murmushi! Hajiya, a buɗe baki kaɗan!" Ta gwada sau ɗaya. Ina kallo sanyin ya bugi haƙoran, ta runtse ido, ta rufe bakin gam. Ba ta ƙara buɗe shi ba har aka tashi. Aka kawo lemo da ƙanƙara a ciki, ba ta taɓa ba. Aka kawo nama, ta tura mini. Inna da in tana dariya a gidan biki sai an jiyo ta daga layi na gaba, ta zauna a bikin autanta kamar baƙuwar da aka tilasta wa zuwa. Na ji wata daga dangin amarya tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa uwar ango ba ta da fara'a. Da ba don albarkacin taro ba, da ta ji abin da bakina ke iyawa.

Washegarin dawowarmu Keffi doka ta ƙare. Da hantsi Inna ta shimfiɗa tabarma, ta kwance tsummanta, ta zaɓi goro mai kyau, ta ɓare. Na ga yadda take jujjuya shi a hannu kamar mai azumin da ya ji kiran magariba. Ta kai baki, ta kafa haƙoran gaba.

Ban ji ƙaras ba. Jikinta ne gaba ɗaya ya zabura, kamar wadda ta taɓa wayar lantarki. Goron ya faɗi a tabarma da ɗan sawun haƙori a jikinsa. Ta dafe baki da hannu biyu, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar nan ta ajiye a gabana. Na buɗe, warin lemun tsami ya bugi hancina. A nan ta faɗa mini duka.

Na kai ta wurin likitan haƙori a asibiti. Mutum ne mai sanyin magana. Ya daɗe yana dubawa da ɗan madubinsa, ya hura mata iska kaɗan a haƙori ɗaya, ta kusa tashi daga kujerar. Ya tambayi wanda ya yi mata wannan aiki, na gaya masa, ya girgiza kai. Ya ce jan nan launi ne kawai, ba cuta ba ne, kuma haƙoran da suka kai wannan shekaru a haka ba kasafai yake ganinsu ba. Ya ce da ta zo tana son a rage jan, da ya duba dasashin tukuna, ya wanke mata abin da zai wanku a hankali, ya bar sauran. Ya ce shi kansa man da aka lafta mata ba a sa wa bakin da dasashinsa ya ja baya haka kawai, amma zafinsa da ya lafa da an tsaya a nan. Abin da ya gama da ita shi ne dirzar. Tsami yana tausasa ɓawon da ya rufe haƙori, gawayi da itace kuma su kankare shi. Ya nuna mini a madubi, kowane haƙori da ɗan kwari a wuyansa, bakin na gaba kuma ya yi siriri har haske na ratsa shi. Ya ce wannan ɓawon in ya tafi ya tafi, ba ya tsirowa.

Ya cike wasu kwaruruwan, ya shafa mata wani magani, ya rubuta man goge baki na masu irin wannan ciwo da buroshi mai laushi. Ya ce ruwa mai ɗumi, a guji tsami, a guji duk abu mai tauri. Inna tana ta sauraro. Sai da ya gama ta yi tambaya ɗaya.

"Likita, goro fa?"

"Hajiya, sai dai a riƙa goga miki."

Ta gyara mayafinta, ta yi masa godiya. Muna cikin keke za mu koma gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Allah ya sawwaƙe mini magogi."

Daga asibiti na sauke ta a gida, na wuce shagon. Na tarar da yarinyar tana manna wa wata ɗaliba farce. Na dangwara mata kwalbar a kan tebur, na faɗi duk abin da likita ya ce, na ƙara da nawa. Ta saurare ni tana taunar cingam. Da na tsaya numfashi sai ta ce, "Madam, na so e dey do, e go stop." Wai haka yake yi, zai daina. Ta ce ba wanda ya taɓa kawo mata ƙara. Sannan ta leƙa bakina ta ce nawa ma sun ɗan yi ruwan ƙwai, in zauna ta gyara mini. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga jakata sama ba. Allah ne ya taimake ta, ya taimake ni, na tuna ni malamar makaranta ce, ga ɗalibai suna kallo da wayoyi a hannu. Na fito ina haki. Amma ko a lokacin na san ba ita ce tushen fushina ba. Ita ba ta san Inna ba, ba ta taɓa jin ƙaras ɗin nan da safe ba. Wanda ya sani shi ya kawo ta.

Na kira Auta na zazzage masa. Ya yi salati, ya ce bari ya kira ta. Ina zaune a gefenta ya kira. Na ji Inna da bakinta tana cewa lafiyarta lau, ɗan tsami ne haƙoran suka yi ya wuce, ai ya san yayarsa da zuzuta magana. Ya sake kirana yana dariya. "Yaya ke nan! Kin tayar mini da hankali a banza." Ya yarda da ita don yardar ta fi masa sauƙi. Keffi da Abuja ba nisa ba ne, da ya so gani da ya zo ya gani.

Watannin da suka biyo baya su ne suka fi ci mini rai. Maganin likita ya taimaka, ta koma shan ruwa ba tare da runtse ido ba, in dai ba mai sanyi ba ne. Amma goro ya gagara. Mai cin goro tun ƙuruciya in ya rasa shi ba ƙaramin abu ba ne. Kanta ya riƙa ciwo, tana gyangyaɗi da hantsi, tana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ce in daka mata a ɗan turmi, ta ce da turmi da magogi duk uwarsu ɗaya. Na ce in yayyanka mata siriri da wuƙa, ta ce ita ba jaririya ba ce. Kullum da safe sai ta jiƙa tsumman goron, ta jujjuya su, ta cire wanda ya fara lalacewa, ta ɗaure ta ajiye. Ranar kasuwa 'yar Gitata ta zo, Inna ta ɓare ta ba ta duka. Ita kuwa baiwar Allah, da ta sha tsokanar magogi shekara da shekaru, ko sau ɗaya ba ta rama ba. Sai ta karɓa ta ƙulle a bakin zane ta ce sai ta je gida za ta ci. Su zauna a gindin mangwaro kamar masu zaman makoki.

Da Babbar Salla Auta ya zo da amaryarsa. Yarinya ce mai ladabi, ba ni da abin cewa a kanta. Suka shigo da wani ƙaton hoto a cikin gilashi, na ranar liyafa, da ƙunshin goro fari sol. Aka jingina hoton a bango. Kowa a ciki yana washe baki, Inna ce kawai a tsakiya da leɓe a haɗe.

"Inna, kin ba ni kunya fa," in ji Auta yana dariya. "Duk wahalar da muka sha a kan haƙoran nan, ki ƙi buɗe su?"

Na matsa ina kallon hoton don kada in kalle shi. Sai na ga wani abu. Kawunmu, wanda duk Angwan Iya an san shi da giɓi a gaba, ga shi nan da haƙora cikakku farare. Nawa ma da yarinyar shago ta ce sun yi ruwan ƙwai, ga su nan kamar madara. Na ce, "Yaushe Kawu ya sa haƙori?"

Amarya ta yi murmushi ta ce, "Ai Yaya, mai hoton ne. Da kwamfuta yake gyara haƙoran kowa kafin ya wanke. Ko wane launi ne, sai ya mai da shi fari."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, ba ta san me ta taka ba. Na juya na dubi Auta. Bai ma ji nauyin maganar ba, yana can yana kwance ƙunshin goro. Na buɗe baki, Inna ta yi mini wani kallo da tun ina yarinya na san ma'anarsa. Na haɗiye maganar.

"Ga farin goro na kawo miki, an ce shi ba ya ɓata haƙori sosai," ya ce. Ya zaɓo babba ya ɓare da kansa, ya miƙa mata. "Ci mana in gani, Inna. Yaya ta ce wai ba kya iyawa."

"Auta, ka bar ta," na ce.

Inna ta karɓa. Ta dube shi, yana durƙushe a gabanta yana murmushi, ga amaryarsa a gefe. Ta kai baki, ta kafa haƙoran gaba, ta gatsa.

Ƙaras.

Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, na ga yatsun ƙafarta sun naɗe a kan tabarma. Amma fuskarta murmushi take yi. Ta tura goron gefe tana juya shi a hankali, ruwa ya cika mata ido, ta ce hayaƙin suyar nama ne. Auta ya tafa hannu.

"Kin gani ko, Yaya? Ke dai ba kya raina abin faɗa."

Na tashi na shiga kicin, na tsaya ina kallon tukunya har suka ci suka sha. Inna ba ta ƙara yin doguwar magana ba, sai "to" da "madalla" da "Allah ya yi albarka". Da la'asar ta raka su har zaure, ta ɗaga musu hannu har motar ta sha kwana.

Ta dawo ta zauna a bakin gadonta. Ta buɗe tafin hannu ta tofa abin da ke kuncinta. Goron ne, ko rabin taunawa bai samu ba. A cikinsa akwai wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa. Ta sa yatsa ta ware shi gefe. Sai da ta ɗaga leɓe tana shafawa da harshe na ga inda ya fito. Gefen haƙorin gaba ne, kusa da wushiryar nan, ya ɓalle. Tun azahar take riƙe da shi a kunci don kada ɗanta ya gani.

Na durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ƙulle ɗan guntun a bakin zanenta.

"Ke," ta ce. "Buɗe adakar nan. Yana can ƙasa, cikin tsumma."

Na ɗaga zannuwa na lalubo shi. Ya yi tsatsa a gefe, na wanke na goge. Na ɗauko ɗaya ɓarin goron da Auta ya bari a faranti, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ɗora shi a kan magogin.

"Tura ƙofar tukuna," in ji Inna.